Ɗiyar Mai Hwaranti Ba Ta Gudun Teku

Assalamu alaikum Uwata, mai sunan tsohuwata, ɗiyar Sarkin Hwarantin Ƙohwar Marke.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina hwata kina lahiya, Legas ba ta haɗiye ki ba. Allah shi tsare min ke gaba da baya, shi tsare ki bisa tudu, shi tsare ki cikin ruwa. Musamman ma cikin ruwa. Amin.

Ki yi haƙuri da rubutun ga. Kin san bokon ubanki bai yi nisa ba, tun da wuri malamin yag ga na hi ƙarhin ajin yas sallame ni in tahi kasuwa. Yadda nike magana haka za ni rubuta, inda kig ga wani harahi ya ɓace ki cika da naki, ai dan haka munka kai ki jami'a. Da baki nis so in yi miki maganag ga, to ba ki ɗaukar wayata. Na kira, na kira, har wayar ta gaji da ni. Kuma na san dalili, tsoro kike in yi miki dariya. To ga takarda, ita ba ta da haƙora.

Innakki ta hwaɗa min komi. Tac ce kahin a bar mutum shi hau jirgin ruwan binciken nan naku sai an gwada shi. A sa mai rigar da ke hana nutsewa, shi hau bisa wani dandamali, shi hwaɗa cikin ƙaton kududduhin siminti, shi yi iyo shi kama kwalekwalen roba shi hau. Tac ce kowa ya hwaɗa, ke kin kai bakin wurin ƙahwahunki sunka ƙi. An ba ki dama guda ran Alhamis, in ba ki hwaɗa ba a ba wani gurbinki, jirgi shi tashi ba ke. Tac ce kina kuka kina cewa gara ki tahi tasha ki hau motar Sakkwato tun ba ki ƙara jin kunya ba.

Uwata, kada ki je tashar nan. Zauna ki ji tarihin ubanki, wanda duk Sakkwato ba wanda yah hi shi yin kuskure da ƙarhin hali.

Na hwarko ke ma shaida ta. Ranar da anka ce an ɗauke ki, kin shigo da gudu kina cewa, "Baba, za ni binciken hwarantan ƙasa!" Ni daga hwaranti ban ƙara jin komi ba. Takalmi ma ƙahwa guda nis sa, sai kasuwa. Nit tsaya gaban rumhwar Shehu Mai Katihwa, wanda kin san tun muna samari ba ya son shi ga na hi shi, nic ce, "Shehu, taso ka gaishe ni. Duniya ta rasa mai gane mata hwaranti, ta aiko gidana."

Yac ce, "Wane irin hwaranti?"

Nic ce, "Tangaran mana! Za ta koyo sirrin, ta dawo mu buɗe kamhwani nan Ƙohwar Kware, kai kuma in ɗauke ka gadi, tunda barci ka iya."

Kahin la'asar mata sun hwara zuwa suna cewa in aje musu saiti na kayan ɗaki daga kamhwanin ɗiyata. Ni kau ina ta cewa a bi layi. Sai da labari yag game gari, Shehu yaz zo shina murmushin mugunta, yac ce, "Sarki, an ce min hwa duwatsun ƙarƙashin teku za ta leƙo. Ba cokali ba kwano."

Wallahi gumi ya keto min. Amma kin san ni ba a kada ni a zaune. Nic ce, "To hwarantin da yad ɗauki Ahirka gaba ɗayanta da kai da katihunka bisa, ka taɓa saida abu mai girman haka?" Yaj juya yak koma rumhwatai. Amma matan nan har yau in sun gan ni sai su ce, "Alhaji, ina saitinmu?"

Abin da nike so ki ɗauka nan, ki riƙa jin magana har ƙarshe kahin ki zura da gudu. An ce miki kin hwaɗi gwaji, ke kuma kin ji an ce ba ki iyawa. Ba haka anka ce ba. Cewa anka yi ki dawo ran Alhamis. Wanda ba a so ba a ce mai shi dawo.

Na biyu shi na ranar kunu. Bayan abin kunyan nan, kin ce in zauna ki gwada min aikin da ido. Kin ɗora tukunyar kunun gyaɗa bisa garwashi a tsakar gida, kin bari sama ya yi yana, sannan kic ce in duba. Nig ga yanar ta tsage a tsaka, kunu mai zahi na bulbulowa daga tsagar, yanar na matsawa gehe da gehe, in ta kai bakin tukunya ta naɗe ta nutse. Kic ce haka ƙasa take. Ɓawonta ba guda ba na, ɓallaye na manya manya awa an hwasa tulu an jera, kowane na tahiya bisa abu mai zahi da ke motsi a hankali. Kic ce tsakiyar tekun da ke tsakaninmu da Barazil akwai wata doguwar tsaga, da duwatsu jere dama da hagu, duk cikin ruwa. Narkakken dutse na tasowa nan, ruwa shi sanyaya shi, shi zama sabon daɓe, tsohon daɓen shi matsa gaba. Har kin yanko hoton Ahirka da na ƙasar Barazil ɗin daga taswira kin haɗa, sunka shige juna awa murhi da kwano. Kic ce da can haɗe suke, tsagar nan ta raba su, kuma can jirginku za shi.

Ni mi nic ce? Nic ce, "In ƙasa na tahiya, mi za ni yi da motar Illela? In shimhiɗa tabarma ta kai ni."

Kic ce, "Baba, tahiyar ba ta wuce yadda hwarcenka ke tsiro ba."

Nic ce, "Ashe ta hi innakki sauri in tana shirin buki."

Innakki ta jeho min ludayi, ke kuma kin ɗauke tukunyakki kin shige ɗaki. Ranar ban sha kunu ba, kuma ban ji ƙarshen karatu ba. Gaskiyar magana, ban gane ba na, kuma na ƙi in ce ban gane ba gaban ɗiyata, sai nil lulluɓe da dariya. Bayan kin tahi na sa innakki ta sake dama min kunun, na zauna ni kaɗai ina kallon yanar har yas sandare. Yanzu na gane shi sarai, ko jami'a ta kira ni ina koyarwa. Har yanke hwarce na bari kwanaki ina duba shi, innakki tac ce in ban yanke ba ba ni ƙara sa hannu a tuwonta.

To ji nan. A jirgin nan za ki haɗu da masu dariya irin ubanki. Wani za shi yi ma harshenki dariya, wani ɗankwalinki, wani shi ce mi ya kawo ɗiyar Sakkwato teku. Kada ki ɗauke tukunyakki ki shige ɗaki. Mai yawan dariya sau da yawa wani abu shike ɓoyewa, ni na sani, sana'ata ta. Kuma ki riƙe karatunki da kanki: abin da ke tahiyar hwarce shi ya raba Ahirka da Barazil. Ke taki guda anka ce ki yi daga bakin dandamali.

Na uku ba ki san shi ba, lokacin kina goye. Kin tuna kin ce min tsohon daɓen teku in ya yi nisa da tsagar da anka haihe shi, shina yin sanyi shi yi nauyi, in ya ci karo da wani ɓallen sai shi kutsa ƙarƙashinai shi koma cikin zahi? Kuma kic ce ba koyaushe shike nutsewa lahiya lau ba, wani lokaci shina yagewa, wani yanki shi ɓalle shi kama gabanai, kuma yagewar na hwarawa inda dama akwai tsohon rauni. Kic ce ku daga bisa jirgi sauti kuke aikawa ƙasa ku saurari yadda shike dawowa, da haka kuke gane inda ya tsage. Nan kam na yi tsalle, dan wannan gadon gidanmu na. Ni ma haka nike ƙwanƙwasa tangaran da zobena. Mai lahiya shi yi ƙara mai tsawo awa ƙararrawa, mai tsaga shi ce ƙwas. Ku dai kun hi ni girman zobe.

To wata Hajiya daga Ƙohwar Kware taz zo sayen kayan jeren ɗiyarta. Cikin kayan akwai babban hwarantin tangaran mai huren zinari. Na ƙwanƙwasa, yac ce ƙwas. Ido bai ganin komi, amma kunnena ya ji. Sai niy yi tari dan kada ta ji, nit tura shi tsakiyar kwali nir ruhe da jarida. Ran walima anka tula mai shinkahwa da miya mai zahi, gwaggon ango ta ɗauko za ta kai ma manyan baƙi. Tana tsakiyar taro hwaranti yar rabe biyu a hannunta, rabi dama rabi hagu, shinkahwa a tsaka bisa leshin uwar ango.

Wanshekare Hajiya taz zo rumhwata da ƙawayenta, da ɓallayen biyu ƙunshe cikin zane. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Sai ta aje su gabana, ta sa ƙawayenta sunka rangaɗa guɗa, tac ce, "Jama'a ku zo ku taya Sarkin Hwaranti murna, hwarantinai ya haihu!" Shehu har da hwaɗuwa daga benci. Na daɗe ana ce min Angon Ƙarni a layinmu.

Innakki tac ce kin ce ma mai koya muku ciwon kai ya hana ki hwaɗawa. Uwata, wannan tarin da niy yi na gaban Hajiya. Tsagar da anka ɓoye tana jiran ranar taro. Ki same shi tun kahin Alhamis, ki ce, "Malam, ba ciwon kai ba na. Ni ɗiyar tudu ta, ban taɓa shiga ruwan da yaw wuce gwiwata ba, tsoro nike ji." Aikinai ke nan, ya ga irinki da yawa, ya san yadda za shi bi da ke. In ya yi dariya ki turo min lambatai, in nuna mai akwai manya a harkar.

Kuma wai ma wa yac ce ba mu da alaƙa da teku? Ba ke kik kawo min wani dutse daga wajen da ake haƙar dutsen siminti ba, da ɓawon katantanwar ruwa manne cikinai? Kic ce zamanin da ba a san iyakatai ba teku ta malalo har ƙasar Sakkwato, kihi na yawo inda muke shanya albasa yanzu. Dutsen na nan bisa teburina, duk wanda yaz zo sai na nuna mai. To ke nan teku ta hwara zuwa gidanmu gaisuwa, ta tarar ba mu iso ba. Kin san al'ada, wanda yaz zo maka sai ka rama. Duk zuriyarmu ba wanda yat tahi, har abin ya zama rashin kunya. Ke munka wakilta.

Saura na ƙarshe, wanda shi as sanadin duk wannan wahala. Ina saurayi, wata damina gulbin Rima ya cika ya batse, munka tahi Kwalkwalawa kallo. Akwai 'yan mata masu tallan hura a bakin gada. Kin san ubanki in ya ga taro. Nic ce ni kada na gaishe ni in mun haɗu, nit tuɓe riga nih hwaɗa, alhali ko a kwatami ban taɓa iyo ba. Uwata, na sha Rima. In an ce miki shekaran nan ruwa ya janye da wuri, cikina yat tahi. Masunta sunka jawo ni da wando, daga ƙarshe ni na hito, wandon bai hito ba. 'Yan matan nan guda cikinsu innakki ta, ki tambaye ta, har yau tac ce tausai ya sa ta aure ni.

Tun ranar nike tsoron ruwa, ban kuma taɓa yarda ina tsoro ba. Da kit taso kina ƙaramar yarinya mai son wanka, kina bin sa'o'inki za ku bakin gulbi, gabana yah hwaɗi. Maimakon in kai ki wajen masunta su koya miki iyo, sai niƙ ƙirƙiro miki 'yar ruwa mai dogon hannu, wadda ke jawo 'yan mata ta ƙahwa. Har muryatta nike yi miki daga bayan randa. Na iya ƙarya ƙwarai, kin sani, sai da ta kai ko babban baho anka cika ba ki yarda ki leƙa. Ni kuma ina jin daɗi, wai na tsare ɗiyata. To ga shi yau ita ta riƙe miki ƙahwa a Legas. Babu wata 'yar ruwa, Uwata. Ni na, da murya ta aro. Tsoron nan nawa na, ajiya nib ba ki, ki maido min kayana.

Amma nic ce ba ni aiko miki da nasiha a kan abin da ni ban iya ba, kada ki ce Baba baki gare shi. Jiya da hantsi na ruhe rumhwa, na ɗauki Shehu dan shi zama shaida, munka hau keke napep sai Kwalkwalawa. Na sami Manu masunci, cikin waɗanda sunka jawo ni wancan karon, yanzu ya tsuhwa gemu hwari tas. Shina ganina yac ce, "Alhaji, wandon kaz zo nema?"

Nic ce, "Ɗaura min gora, kai ni inda ya hi zurhi, hwaɗawa za ni yi."

Yac ce, "Da wannan tumbin ai ba ka buƙatar gora."

Sunka ɗaura min manyan goruna na kamun kihi a ƙirji, da igiya a ƙugu Manu na riƙe, munka shiga kwalekwale. Da munka kai tsakiya nim miƙe tsaye. Uwata, na ga abin da kig gani. Bakina ya bushe ƙaƙas alhali ga ruwa ko'ina. Shehu daga bakin gaɓa shina ɗaga waya shina ihu, "Sarki, in ka tahi wa za ka bar ma rumhwar?" Na tsaya ina jira tsoron shi wuce sannan in hwaɗa. Bai wuce ba. Sai Manu yac ce min a hankali, "Bar kallon ruwan. Dubi giginyar can ta tsallake. Toshe hanci, ka taka awa za ka sauka daga mota."

Na yi bisimilla nit taka.

Ga abin da za ki ji, na riga ki na gano miki. Hwarko sanyi shi mare ki. Kunnuwa su toshe, duniya ta yi tsit, ido shi ga duhu duhu. Zucciya ta ce shi ke nan. Nan na inda ba a so ki yi kokuwa. Ki bari kawai. Kahin ki gama salati abin da anka ɗaura miki shi ɗago ki sama da kainai, awa uwa ta ɗauki jinjiri. Sai ga rana, sai ga giginya, sai ga Shehu da baki buɗe. Na sha ruwa kaɗan, ba ni musu, hulata kuma ta bi wandon. Amma na hito ina dariya, irin wadda ba ta ɓoye komi.

Sai Shehu yac ce wai yatsanai ya ruhe idon wayar, bai ɗauki komi ba. Mugun mutum. Dole nis sake hawa nis sake hwaɗawa. Na biyun ma na ji tsoro, kada in yi miki ƙarya, sai dai ya rage tsawo. Hoton bidiyon na nan tahe ta waya bayan takardag ga, ki kalla ki yi dariya iyakar son ranki, na yahe. Ihun da za ki ji ciki ba nawa ba na, wani na can bayan kwalekwale.

To kin ji. Tsoro ba ya tahiya kahin a hwaɗa, da shi ake hwaɗawa. Ki sami wani abu a tsallake ki kahe shi da ido, ki toshe hanci, ki riƙe rigar da ɗayan hannun, ki taka. Ni goruna gare ni da tsoho mai igiya, ke rigar Turawa gare ki da ƙwararru kewaye. In kin hwaɗa sunka ce duk da haka ba ki ci ba, taho gida, rago za ni yanka in kira makaɗa, in ce ma gari ɗiyata ta shiga ruwan Legas ta hito. In kuma kin taho ba ki hwaɗa ba, ƙohwa buɗe take, ɗakinki na nan, ba mai ce miki uffan. Sai dai na san abin da za ki ɗauko a ƙirjinki, dan ni na ɗauke shi tun ina saurayi har gemuna ya yi hurhura, kuma ba ni yi miki hwatan shi.

Abu guda nike roƙo. Ki hwaɗa ma innakki ƙarhe nawa za a kira ki ran Alhamis. Na riga na gaya ma Manu shi aje min gorunan. Lokacin da kit tsaya bakin dandamalin nan, ki san ubanki na tsaye cikin kwalekwale a Kwalkwalawa, shina jiran ki. Kada ki bar tsoho tsaye cikin rana. Ki taka in taka.

Innakki na gaishe ki, tac ce duk mun haukace, amma ta ce za ta zo ta riƙe min sabuwar hula. Allah shi riƙa miki, shi sanyaya miki ruwan nan, shi ɗago ki sama duk inda kin nutsa. Allah shi kai jirginku tsakiyar teku lahiya, shi nuna miki abin da kit tahi nema, shi maido min ke da ƙahwahunki. Allah shi yi miki albarka.

Ni na ubanki,
Sarkin Hwarantin Ƙohwar Marke, kuma tun jiya Sarkin Ruwa.